Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohuwar Kwamfuta da Talabijin ta Bango

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Ingila a shekarun 1980, kuma cikin kayan da ya dawo da su akwai kwamfuta ƙirar Commodore 64, wadda muka gano kwanan nan a cikin adakarsa tare da wayoyinta. Na soka wayar eriyarta a bayan talabijin ɗinmu ta bango, ban ga komai ba. Sai na sayi ƙaramin akwatin nan mai juya AV zuwa HDMI, hoto ya fito, amma dishi-dishi, haruffa suna rawa, komai ya baje. Ta lalace ke nan? Daga wani malamin makaranta, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya kai haske kabarinsa. Tunda har hoto ya fito, alamu sun nuna kwamfutar tana da rai, amma ina roƙonka kada ka sake kunna ta sai an auna tubalin wutarta, wato baƙin akwati ko ruwan ƙasa mai nauyi da ke tsakanin soket da kwamfutar. Yana fitar da wuta iri biyu, volt 5 mai gudu a hanya ɗaya da volt 9 mai kai da komo, kuma a mafi yawansu an zuba wani ƙaro mai tauri an daskarar da kayan cikin, ta yadda zafi ba ya samun mafita kuma ba a iya gyarawa. Idan ya tsufa, volt 5 ɗin yakan riƙa hawa a hankali ba tare da wata alama ba, har ya ƙone ƙwayoyin ajiyar bayanai na kwamfutar. Ka kai shi wurin mai gyaran rediyo ya sa mita, in ya ga adadin ya haura 5.2 to a ajiye shi a nemi sabo, domin har yau ana ƙera su musamman saboda wannan kwamfutar. Na fara da wannan ne saboda na ga injinan da suka yi shekara talatin a ajiye lafiya ƙalau, suka mutu a ranar farko da aka jona su.

Game da hoton kuwa, ba bakin waya ne matsalar ba, irin saƙon da ke bin wayar ne. Commodore 64 ta fito a 1982, lokacin da kowace talabijin mai doro ce, kuma ita mai doro tana zana hoto ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa. A tsarin PAL, wanda Ingila da Nijeriya suka yi amfani da shi, ana zana layi 15,625 a daƙiƙa guda, cikakken hoto yana da layi 625, amma ana raba shi gida biyu: a zana layukan da ke tsallake ɗaya ɗaya, sannan a dawo a cike giɓin da aka bari, ana zana irin waɗannan rabin hotuna guda 50 a daƙiƙa. Masu ƙera kwamfutocin gida ba su bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa ba. Sun sa injin yana aika layi 312 a kowane zagaye, yana maimaita su a gurbi ɗaya ba tare da cike giɓi ba, domin hakan ya fi sauƙin ƙerawa kuma rubutu yana tsayawa cik. Talabijin mai doro ba ta damu ba, duk inda aka ce ta zana nan take zanawa.

Ita ta bango, wadda a kasuwa ake ce wa filasma ko da ba filasma ba ce, ɗigoginta a ƙayyade suke, misali 1920 a kwance da 1080 a tsaye, don haka dole ta karɓi saƙon, ta mayar da shi lambobi, ta riƙe shi a cikinta, ta faɗaɗa shi, sannan ta nuna. Ƙwaƙwalwar da ke wannan aikin an shirya ta ne don shirye-shiryen gidan talabijin, saboda haka da ta ga saƙon kwamfutarka sai ta ɗauka rabin hoto ne, ta jira na biyu ta saƙa su wuri guda. To a nan rawar haruffa da dishi-dishin suke samo asali, kuma a nan ne ake samun jinkirin da mai wasa yake ji, ya danna maɓalli amma abin da ke kan allo ya makara. Kowane zagaye ɗaya kashi ɗaya ne cikin hamsin na daƙiƙa, kuma akwatin mai araha yakan riƙe zagaye da dama kafin ya saki. Akwatin da ka saya kuskure ɗaya yake yi da talabijin, sannan ya ƙara da miƙe hoton da aka tsara shi a kan awon 4:3 ya cika allo mai awon 16:9, shi ya sa ka ga komai ya baje.

Wayar eriya ita ce mafi rauni a cikin hanyoyin, amma ba don ta lalace ba ne ka rasa hoto. Kwamfutar tana aiki ne kamar ƙaramar tashar talabijin, kuma waɗanda aka sayar a Ingila suna fitowa a tasha ta 36 ta zangon UHF, kusa da megahaz 591. Sai ka shiga neman tasha na analog, ba na dijital ba, ka nema da hannu, domin neman da talabijin ke yi da kanta yakan tsallake saƙo mai rauni. Idan hoto ya zo amma sauti ya zama shuu, ka canza tsarin sauti zuwa I, wanda shi ne na Ingila.

Abin da ya fi dacewa shi ne ka duba bayan kwamfutar, za ka ga rami mai da'ira da aka rubuta VIDEO a kansa. Idan ƙofofinsa takwas ne, injin yana iya fitar da haske daban, launi daban, a wayoyi biyu, kuma wannan shi ne abin da daga baya aka sani da S-Video. Rabuwar nan tana kawar da ɗigo-ɗigon da ke bin gefen haruffa, kuma duk wanda ya gwada shuɗin allon farko na wannan kwamfuta ta wayar rawaya, wato wayar hoto ta AV, sannan ya gwada ta S-Video zai ga kalmar READY ta fito tas kamar an wanke ta. Mai haɗa maka wayar ya sa razista mai om 300 zuwa 330 a layin launi, saboda ƙarfin launin Commodore 64 ya zarce abin da sabbin na'urori ke tsammani. Tunda yawancin talabijin na yanzu ba su da ramin S-Video, za ka buƙaci na'urar ninka layi irin su RetroTINK 2X, wadda ta san wannan saƙon, tana ninka kowane layi nan take ta aika ta HDMI ba tare da ta riƙe hoton ba. Kada wani ya sayar maka da wayar RGB, wato mai ɗaukar ja da kore da shuɗi daban-daban, domin Commodore 64 ba ta fitar da RGB ko kaɗan.

Ra'ayina shi ne, idan akwai talabijin mai doro mai lafiya a gidanku ko a wurin masu gyara, ka karɓe ta ka haɗa da wayar rawaya, domin don ita aka yi wannan kwamfutar, kuma babu jinkiri ko na ƙiftawar ido. Sai dai kada kowa ya buɗe bayanta in ba gwani ba, saboda wutar da ke cikin mai launi takan haura volt 20,000, kuma tana iya zama a ciki bayan an cire filogi.

Tambaya: Ina da Amiga 500. Wani mai gyara ya haɗa mini waya daga bayanta zuwa allon kwamfuta mai ramin VGA, amma allon sai ya rubuta cewa saƙon ya fita daga iyakarsa. Da na gwada ƙaramin ramin hoto na bayanta da talabijin, sai ya ba ni baƙi da fari. Ina mafita? Daga wani ɗalibin injiniya, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa mai gyaran bai yi kuskure a wayar ba. Amiga 500, wadda ta fito a 1987, tana fitar da ja da kore da shuɗi daban-daban ta rami mai fil 23, kuma VGA ma haka take ɗaukar launi, shi ya sa mutane suke zaton waya kawai ake buƙata. Bambancin yana wajen sauri. VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a wannan shekarar ta 1987, tana farawa ne daga layi kusan 31,500 a daƙiƙa, ninki biyu na abin da Amiga ke bayarwa, kuma mafi yawan allunan kwamfuta ba sa karɓar abin da ya gaza haka. Babu wata waya da za ta ƙara wa saƙo sauri. Baƙi da farin da ka gani kuwa ba cuta ba ce, haka aka ƙera wannan ramin a Amiga 500. Mai son launi a talabijin a wancan zamani sai ya sayi ƙarin na'urar A520.

Hanya mafi sauƙi ita ce talabijin ta bango ta hannu da aka shigo da ita daga Turai, mai faffaɗan ramin nan na SCART mai fil 21, domin ramin yana karɓar RGB a saurin talabijin. Wayar dole ta kai ɗan wuta, tsakanin volt 1 da 3, zuwa fil na 16, in ba haka ba talabijin ba za ta koma RGB ba. Idan kana son hoto mafi kyau a kowane allo, akwai OSSC, wadda ke karɓar SCART ta ninka layi ta fitar ta HDMI, akwai kuma allon lantarki na GBS-8200 mai rahusa, wanda bai da kyau sosai a yadda yake zuwa, amma yana gyaruwa ƙwarai idan aka ɗora masa manhajar GBS-Control. Tunda kai ɗalibin injiniya ne, ina ganin RGBtoHDMI zai fi burge ka: ƙaramin allon lantarki ne da ake sakawa a ƙarƙashin ƙwayar hoto mai suna Denise, yana kwasar lambobin hoton tun kafin su zama analog, ya miƙa wa ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi Zero ta fitar da su. In ka buɗe injin, ka leƙa ƙofar da ke ƙarƙashinsa, domin ƙarin ajiyar bayanai na A501 da ake sakawa a nan yana da batir da ke yoyo ya cinye layukan allon lantarki, kuma gara a cire shi tun yau.

Tambaya: Mahaifina ya zo mana da kwamfutar Sakhr daga Makka muna yara, a kanta muka fara ganin haruffan Larabci a allo. Ina son jikokina su gan ta, amma a tsohuwar talabijin ɗinmu babu launi, a sabuwar kuma wani lokaci launin ya zo wani lokaci ya ɗauke. Daga wata uwa, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kin riƙe abu mai daraja. Sakhr kwamfuta ce ta tsarin MSX, wanda Microsoft da kamfanin ASCII na Japan suka fitar a 1983, kamfanin Al-Alamiah na Kuwait kuma ya sa mata Larabci, ta bazu a ƙasashen Larabawa. Abin da nake zargi shi ne tsarin launi. Nijar ta yi amfani da SECAM irin na Faransa, alhali yawancin waɗannan injinan PAL suke fitarwa, kuma talabijin da ta san SECAM kaɗai za ta nuna hoton PAL ne baƙi da fari. Sabuwar ta san duka biyun, amma idan an bar ta ta zaɓa da kanta takan riƙa sauya ra'ayi, shi ne launin ke zuwa yana ɗaukewa. Ki sa a haɗa ta da wayar hoto da ta sauti a ramin AV, a shiga saitin launi da rimot a tsayar da shi a kan PAL, in bai yi ba a gwada SECAM. A mayar da awon allo 4:3, ko da baƙin fili zai rage a dama da hagu, a kuma kunna tsarin wasa da ake rubutawa Game Mode, wanda ke rage jinkiri. Kafin a jona ta, a karanta takardar wuta da ke manne a jikinta, domin a Saudiyya an daɗe ana amfani da volt 127 da kuma 220, kuma injin 110 ko 127 sai da tiransifoma mai rage wuta.

Tambaya: ZX Spectrum 48K nake da ita, ramin eriya kawai gare ta, kuma abin wutarta ya ɓata. Zan iya sa kowace adafta mai volt 9? Daga wani mai karatu, Jos.

Amsa: A'a, Malam, kada ka yi. Spectrum tana son volt 9, amma tsakiyar filoginta shi ne ɓangaren ragi, wato mai alamar (−), akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa a yau, kuma idan aka juya mata wuta kayan cikinta suna iya ƙonewa nan take. Ka duba zanen da ke jikin adaftar, ka kuma tabbatar da mita, sannan ta kasance tana ba da kusan amfiya ɗaya da rabi. Batun hoto kuwa yana da sauƙi, domin saƙon AV yana nan a cikin injin, shi ne ke shiga gwangwanin ƙarfen da ke bayan ramin eriya. Mai gyara zai cire wayar volt 5 da wayar hoto daga gwangwanin, ya raba tsakiyar ramin da kayan cikinsa, sannan ya liƙa wayar hoton da dalma zuwa tsakiyar ramin ta hanyar kapasita mai maikurofarad 100. Daga nan ramin ya zama na wayar rawaya. Kada ka nemi sauti a talabijin, domin 48K da ƙaramar lasifikar cikinta take kuka.