Dalilin da ya sa Trautmann bai taɓa tsare wa Jamus raga ba

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya hana Bert Trautmann buga wa Jamus ta Yamma wasa duk da ƙwarewarsa. Abin da ya hana shi kawai shi ne a Ingila yake taka leda. Kocin ƙasar, Sepp Herberger, ba ya kiran ɗan wasan da ke waje, shi kuwa Trautmann yana Manchester City tun 1949 har 1964. Saboda haka a gasar cin kofin duniya ta 1954, Toni Turek ne ya tsaya a raga lokacin da suka doke Hungary 3-2 a Bern.

Kada ka ɗauka rashin iyawa ne. Na sha kallon tsohon hoton wasan ƙarshe na kofin FA na 1956 da Birmingham City: ya yi karo da ɗan wasan Birmingham, Peter Murphy, ƙashin wuyansa ya karye, amma ya ci gaba da tare ƙwallo har Manchester City ta ci wasan 3-1. A shekarar ce marubutan wasanni na Ingila suka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallo, mutumin da ya shigo ƙasar a matsayin fursunan yaƙi. Wallahi ni ina ganin dokar Herberger ta cuce shi.