Ga ɗan'uwa mai shekara 46 da ke neman wasan da zai shiga

Salamu alaikum. Malam, ka ce tumbi ya fara fitowa, likita ya ce ka riƙa motsa jiki, gudu kai kaɗai kuma gundurarka yake yi, shi ne kake tambaya ko ka koma ƙwallon ƙafa ko ka nemi wani wasan da ake yi cikin jama'a. Bari in ba ka labarin ƙafata tukuna.

A 2017, shekarar da Plateau United ta ci gasar firimiyar Najeriya, zumuɗi ya ɗebe ni, ina da shekara 43. Na kakkaɓe tsohon takalmina na shiga cikin samarin unguwarmu a Bauchi Road, nan Jos. Asabar ta uku, na zabura zan tare wani yaro da na haifi sa'ansa, sai na ji ɗas a bayan dunduniya. Na waiga ina neman wanda ya jefe ni da dutse, babu kowa kusa da ni. Ashe agara ce ta tsinke. Aka ce a kai ni wurin mai ɗori, Allah ya sa wani maƙwabcina ya ce wannan ba karaya ba ce, asibiti za a je. Wata uku ina dogara sanda, sallah a zaune, maiɗakina kuwa har gobe tana ce min kyaftin.

Da na warke sai na koma ƙwallon raga, kuma ita nake ba ka shawara. Dalili ɗaya ya ishe ni: akwai raga tsakaninka da abokin karawa. Ba mai share maka ƙafa, ba mai bangaje ka. Filin mita 18 ne tsawo, 9 faɗi, ku shida a rabinsa, ka ga ba wani dogon gudu, amma ka yi wasa uku ka ga yadda riga za ta jiƙe. Ragar maza mita 2.43 ce, sai dai kada tsawonta ya ruɗe ka ka fara tsalle-tsalle. Tsaya a baya ka koyi tarar ƙwallo da ɗaga wa masu duka. Ita ma tana da nata: makon farko hannuwanka za su yi ja su yi tsami, yatsa kan yi targaɗe, kafaɗa kan yi ƙorafi in ka matsa mata.

Ƙwallon kwando na gwada sau biyu na haƙura. Juyi da birki kwatsam a kan siminti, gwiwar mai shekarunmu ba ta so.

In kuwa ranka ya kafe a kan ƙwallon ƙafa, nemi sa'o'inka. Amma ka lura, yawancin ƙungiyoyin dattawan nan tsofaffin 'yan wasa ne, furfura ce kawai, ƙafar tana nan. Akwai kuma wata irin ƙwallon ƙafa da aka fara a Ingila a 2011 domin manya, ana buga ta da tafiya, wanda ya yi gudu ya yi laifi. In kun kai goma a unguwa kuna iya kafa dokar da kanku.

Kafin ka shiga ko wace ƙungiya, je ka zauna a gefe ka yi kallo rana guda. Duba abin da suke yi wa wanda ya ɓarar da ƙwallo. In dariya ake yi a wuce, shiga. In tsawa ake daka masa, ba za ka yi wata guda ba. Tamu akwai Bahaushe, akwai Birom, akwai Angas, shi ya sa muka tsayar da safiyar Asabar, ba ta taɓa Juma'ar kowa ko Lahadin kowa ba. Bayan wasa mu zarce wurin mai shayi, wanda wallahi ina zargin wasunmu don shi suke zuwa.

A auna maka jini kafin ka fara, hawan jini ba ya sallama. Sannan ka san garin nan, muna kan tudu sama da mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu na sandarar da jiki. Minti 15 na sassarfa da miƙe gaɓoɓi kafin ka taɓa ƙwallo. Ranar da agarata ta tsinke, daga kan babur na sauka na faɗa fili.

In za ka zo wurinmu, ƙarfe bakwai muke farawa. Ka yanke farce, ka bar agogo da zobe a gida.