SSH na yankewa ana tsakiyar aiki: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da wata saba (kwamfutar da ke aiki a intanet dare da rana) mai Ubuntu da muka yi haya a Jamus, ina shiga ta SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa a ba ta umarni) da datar wayata. Da na bar allon na 'yan mintoci sai ya sandare, can ya rubuto "Broken pipe". Shekaranjiya ya yanke ina tsakiyar sabunta manhajoji da apt upgrade, yanzu apt ya ƙi yin komai, wai an katse dpkg, shirin da ke girka masa manhajojin. Sabar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, da wuya a ce sabar ce. Galibi laifin yana kan hanya. Kamfanonin waya kan tara dubban masu data a bayan adireshin IP ƙwaya ɗaya, na'urarsu kuwa in ta ga layi ya yi shiru na wani lokaci sai ta share shi daga lissafinta, ba ta sanar da kai ba, ba ta sanar da saba ba. Maganin wannan yana kwamfutarka: buɗe ~/.ssh/config ka rubuta ServerAliveInterval 60. Duk daƙiƙa 60 na shiru SSH zai aika ɗan saƙo, layin ya zauna a raye.

Sai dai wannan ba ya hana sabis ɗaukewa, kuma nan ne nake so ka tsaya. Duk umarnin da ka bayar kai tsaye a SSH ɗaure yake da zaman da ka buɗe. In layi ya tsinke, saba kan aika wa shirin siginar SIGHUP mai cewa an yanke zaman, ya mutu a inda yake, ko da rabin fayilolin ya kwashe. Abin da ya sami dpkg ɗinka ke nan. Don haka kafin ka taɓa duk wani aiki mai tsawo, rubuta tmux new -s aiki, ka yi komai a ciki; tmux shiri ne da ke riƙe zamanka a kan sabar kanta ko layi ya tsinke. Ko an ɗauke wuta, ko data ta ƙare, aikin yana can yana tafiya. Ka dawo ka buga tmux attach -t aiki, ka tarar da allonka yadda ka bar shi. Ni ko sabuntawa ta minti biyu ba na yi a wajen tmux, tun ranar da na raba dare ina ɗinke wata saba da layi ya yanke mini a kanta.

Gyaran na yanzu: sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install. In ya ce wani yana riƙe da /var/lib/dpkg/lock-frontend (fayil ɗin da ke hana ayyukan apt biyu tafiya lokaci guda), don Allah kada ka yi gaggawar goge fayil ɗin, ko da wani ya ba ka shawarar haka. Duba da ps aux | grep -E 'apt|dpkg' tukuna. Wataƙila tsohon aikin bai mutu ba, ko unattended-upgrades, shirin da ke sabunta saba da kansa, ne ke nasa aikin. Bari ya gama.

In sabis ɗin unguwarku yana yawan rawa, gwada Mosh, shirin shiga saba daga nesa kamar SSH, wanda aka fitar daga jami'ar MIT a 2012. Yana shiga ta SSH, sannan ya koma UDP (wata hanyar aika bayanai da ba ta dogara da layi ɗaya a ɗaure), shi ya sa ko adireshinka ya canza zaman bai yankewa. Yana buƙatar ka buɗe masa ƙofofin UDP 60000 zuwa 61000. In ufw, katangar tsaro ta Ubuntu, za ka kunna don haka, fara da sudo ufw allow 22/tcp, in ba haka ba za ka kulle kanka a waje, sai ka bi ta allon gaggawa na kamfanin da kuka yi haya kafin ka koma ciki.