Ina Ya Kamata In Zauna Bayan Ritaya?

Tambaya: Saura mini shekara biyu in yi ritaya, kuma hankalina ya rabu tsakanin wani gari mai arha amma mai tsananin zafi, da wani mai sanyin yanayi wanda rayuwa ke da tsada a cikinsa. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Malam, kada arhar gidan haya kaɗai ta ruɗe ka, domin garin da asibiti ya yi wa nisa yakan cinye abin da ka rage a kuɗin mota da na magani, ga shi kuma fansho ba ya saurin ƙaruwa kamar yadda farashin kaya ke hawa. Zafi ma yana da nasa lissafin. Idan shekaru suka ja, jiki yakan rage yin gumi, jin ƙishirwa ma yakan ragu, har mutum ya wuni a ɗaki mai zafi ruwan jikinsa na ƙarewa bai ankara ba, musamman mai ciwon zuciya ko na ƙoda. A ganina, lafiyarka ce ya kamata ta yanke hukunci. Ka kama haya a garin da ka fi so na shekara guda, ka ga zafinsa da daminarsa, kana rubuta duk abin da ka kashe, kafin ka sayar da gidanka.