Amsa kan saukar shugaban Qantas da matsayin masu hannun jari

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masu hannun jari suna da ta cewa idan shugaban kamfanin jiragen sama ya sauka. Daraktoci ne ke naɗa magaji, amma abin da ya faru a kamfanin Qantas na Ostireliya ya nuna cewa masu jari ba 'yan kallo ba ne. Shugaban kamfanin, Alan Joyce, ya sauka a watan Satumba na 2023, wata biyu kafin wa'adinsa, bayan kusan shekara 15 a kan kujera, jim kaɗan bayan hukumar kare masu saye ta maka kamfanin a kotu bisa sayar da tikitin jiragen da aka riga aka soke tashinsu. A taron shekara-shekara na watan Nuwamba, kusan kashi 83 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa suka yi fatali da rahoton albashin manyan kamfanin, sannan a 2024 aka zabtare fiye da dalar Ostireliya miliyan 9 daga haƙƙoƙin Joyce.

Naɗin Vanessa Hudson a matsayin magajiyarsa ne ya fi damuna, domin ita ce shugabar sashen kuɗi a zamaninsa, kuma duk mai jarin da ya so a ɗauko wani daga waje, a ganina yana da hujja mai ƙarfi.