Tambaya da Amsa: Yaya ake gane shirin gwamnatin jiha da zai amfani manomi da masunci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a yankin Suru ta Jihar Kebbi, ina yin na rani da na damina, ƙanena kuma masunci ne a wajen Yawuri. Kowace gwamnati ta hau sai mu ji a rediyo an tsara bunƙasa noma da kamun kifi da ilimi da tattalin arziki. Mun ga na zamanin Bagudu, yanzu muna ganin na Ƙauran Gwandu. Ta yaya mutum irina zai bambance shirin da zai haifar da ɗa mai ido da wanda zance ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, ba duk abin da gwamna ya ambata a jawabinsa ne yake hannunsa ba. Wani abin nasa ne, shi zai yi ko ya bari. Wani kuma na Abuja ne, iyakarsa ya roƙa. Idan ka iya raba waɗannan biyu, rabin amsar tambayarka ta samu.

Mu ɗauki shinkafa, tunda ita ce sana'arka. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers. A ƙarshen 2016 aka fara sayar da shinkafar Lake Rice a Legas, ta haɗin gwiwar jihohin Kebbi da Legas. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. Duk wanda ya noma shinkafa a waɗannan shekaru ya san yadda shanshera ta yi daraja, har ma'aikatan gwamnati suka riƙa neman fadama haya. To amma duba da kyau: kuɗin bashin na Babban Banki ne, rufe iyaka hukuncin Abuja ne, hana masu shigo da shinkafa dala a farashin gwamnati shi ma na Babban Banki ne. Abin da jiha ta yi shi ne tattara manoma, da shiga tsakani, da bai wa kamfanoni wuri da ƙwarin gwiwa. Aiki ne, ba a raina shi, amma ba shi ne ya ɗaga farashi ba.

Shi ya sa da iska ta juya aka ga bambanci. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, wanda yake ba ruwa da injin fetur ya ji a jikinsa tun kafin kowa. Sabbin shugabannin Babban Banki suka dakatar da irin wancan bashi, bayan an raba sama da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa kuma kaso mai yawa bai dawo ba. A Yulin 2024 kuma aka ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama casa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yanke a gidan gwamnati na Birnin Kebbi. Saboda haka idan ka ji shirin jiha yana alkawarin farashi mai kyau ga manomi, ka tambaya: da wane kuɗi za ta saya, a wane rumbu za ta zuba? Idan babu amsa, fata ne aka yi maka, ba shiri ba.

Me ke hannun jiha? Ƙasa tana hannunta, domin dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa wa gwamna amanar filayen jiharsa. Malaman gona nata ne, ta hukumar raya noma da karkara ta jiha, wato KARDA. Hanyoyin karkara da ake fito da amfani a kansu nata ne da na ƙananan hukumomi. Raba iri da taki da injin ban ruwa ma tana yi. A nan ne ya kamata ka sa ido, kuma ma'aunin da nake ba manoma kullum shi ne lokaci. Takin da ya iso bayan shinkafa ta yi ciki ba tallafi ba ne, kayan kasuwa ne, gobe za ka gan shi a Jega ana sayarwa. Idan gwamnati da gaske take kan noman rani, kaya su kasance a hannun manomi kafin a zuba iri a gadon reno, ba a watan Maris ba da ake shirin yanka. Haka injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda yanzu jihohi da yawa ke alfahari da rabawa. Ina goyon bayansa ƙwarai, don ya cire wa manomi kuɗin fetur. Sai dai tambayata ita ce: idan ya lalace wa zai gyara? Rijiyoyin burtsatse da ƙananan injuna da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa tun farkon shekarun 1990 sun ɗore ne saboda kowane gari ya samu makanikensa, kayan gyara kuma suna kasuwa. Shirin da ya raba injin sola dubbai bai koya wa matasa gyaransa ba, bayan shekara biyu zuwa uku sai ka ga faifan a kan rufin shago ana cajin waya da shi.

Sai ambaliya, wadda ku mutanen Suru ba sai an ba ku labari ba. Ta 2020 ta shafe dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa a Kebbi gab da girbi. A nan ma akwai rabon aiki. Madatsun Goronyo da Bakolori da ke sakin ruwa zuwa gulbin Rima da na Sakkwato suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda ta tarayya ce. Gwamna ba shi da ikon buɗe ƙofar dam ko rufe ta. Amma yana da ikon tabbatar da cewa hasashen da hukumar yanayi ta NiMet da hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya ke fitarwa kafin damina kowace shekara ya kai ga manomi da Hausa da Zabarmanci da Dakarkari, ba ya tsaya a takardar ofis ba. Yana da ikon samar da iri mai jure nutsewa a ruwa, irin su Faro 66 da Faro 67 da aka fitar a 2017, ga masu gonakin da ruwa ke kwana a ciki. Yana kuma iya biya wa ƙananan manoma wani kaso na inshorar gona. Waɗannan ba su da armashin bikin raba tarakta, shi ya sa ba a cika jin su ba, amma ni su nake fara nema idan aka miƙo mini takardar shiri. Aikin ban ruwa na Zauro kuwa, da aka fi shekara arba'in ana ambato, duk wanda ya sake sa shi a jawabi sai ya faɗi inda kuɗin yake.

Yanzu batun ƙanenka. Mutane da yawa ba su san cewa tsarin mulkin 1999 ya bar kamun kifi na koguna da tafkuna da sauran ruwayen cikin ƙasa a wajen jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka ba. Ma'ana, kamun kifi a gulbin Kwara da na Rima da ɓangaren Kebbi na tafkin Kainji, jiha tana da cikakken ikon tsara shi. A nan gwamna ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Abin takaici, idan aka ce kamun kifi a Kebbi sai hankalin masu tsari ya tafi ga bikin Argungu. Bikin abin alfahari ne, tun 1934 ake yinsa, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, kuma da ya dawo a Maris 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba, kowa ya yi murna. Amma sa'a ɗaya da ake yi a ruwan Matan Fada da homa da gora ba ita ce ke ciyar da Basarke, wato masunci, ba. Abin koyi a Argungu ma ba ranar bikin ba ne, sauran watannin ne: ana samun giwan ruwa mai girma a wurin ne saboda Sarkin Ruwa ya hana taɓa wannan yanki har shekara ta zagayo.

Wannan shi ne ainihin abin da shirin kamun kifi ya kamata ya ƙunsa. Matsalar Kainji, tun da aka kammala madatsar a 1968 har masunta suka yi ta kwararowa, ita ce masu kama sun yi yawa, idon taru kuma ya yi ƙanƙanta. Tarun da ake ja daga baki don ƙananan kifin warangi yana kwashe 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa tun ba su kai ko'ina ba. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus ya yi aiki a tafkin, aka yi wa masunta rajista, aka hana irin wannan taru, aka kuma sa sarakunan ruwa cikin sa ido. Darasin da ya fito fili shi ne, doka tana aiki ne muddin masunta da shugabanninsu suna cikinta, tana kuma sakwarkwacewa da zarar kuɗin sintiri ya ƙare. To idan ka ji gwamnati za ta raba wa masunta jirage da koma, ka tambayi ƙanenka: kifin ne ya yi yawa har suka rasa abin kamawa, ko kuwa kifin ne babu? Ƙara taru a ruwan da ya riga ya gaji ba taimako ba ne. Abin da zai ƙara masa kuɗi a aljihu shi ne rage asarar bayan kamu, wato murhun banda mai kyau da ba ya cin itace da yawa, da ƙanƙara a bakin ruwa, da hanyar da motar 'yan kasuwa za ta iso. Kiwon tarwaɗa a tafkin gida ma hanya ce, amma duk mai kiwo zai gaya maka abincin kifi ne ke cinye mafi yawan jari. Shirin da ya raba 'ya'yan kifi bai ce komai kan abinci ba, ya ba mutum dawainiya ne.

Kada a manta da lafiyar jiragen ma. Haɗarin da ya faru kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a Mayun 2021, inda jirgi ɗauke da mutane fiye da ɗari ya nutse, ya isa ya sa rigar ruwa da hana lodi fiye da kima su shiga kowane tsari da ya shafi yankin Yawuri.

A ɓangaren ilimi ba zan ja da nisa ba, don ma'auninsa a bayyane yake. Kebbi ba ta rasa manyan makarantu ba: ga jami'ar jiha a Aliero, ga ta tarayya a Birnin Kebbi, ga ta aikin gona a Zuru, ga kwalejin ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Inda gizo ke saƙa shi ne firamare ta ƙauye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC, amma jiha ba ta taɓa kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. Tambaya ta farko ke nan: an biya, an karɓo? Ta biyu, malamai. Gwamna Nasir Idris, wato Ƙauran Gwandu, ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa, don haka ya fi kowa sanin cewa fentin aji ba ya koyar da karatu. Ka je makarantar garinku ranar Litinin da safe ka ƙirga malaman da ke cikin aji, ka kwatanta da waɗanda ke cikin takardar albashi. 'Ya'yan masunta kuma suna da tasu matsalar, domin iyayensu suna bin ruwa ne, ba kalandar makaranta ba. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ta haɗa har da su a aikinta, amma sai jiha ta ba da malami da wuri kafin abin ya tabbata. Sannan tun bayan sace ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, duk uban da ke kudancin jihar tsaro yake fara tambaya kafin littafi. Sojoji da 'yan sanda na tarayya ne, amma katanga da mai gadi da zaɓen inda za a ajiye makarantar kwana aikin jiha ne.

Kalmar bunƙasa tattalin arziki ita ce aka fi ɓoye komai a ƙarƙashinta. Kebbi tana cikin jihohin da harajin cikin gidansu ya fi ƙanƙanta, mafi yawan abin da take kashewa daga kason Abuja yake zuwa. Saboda haka ba za ta iya yin komai a lokaci ɗaya ba, kuma shirin da ya lissafa abubuwa ashirin yana gaya maka ne ba a zaɓi ko ɗaya ba. A ganina abin da ya fi dacewa da ita shi ne ta tsaya kan abin da take da shi: albasar Aliero da ke ruɓewa don rashin wurin ajiya, da shansherar da ake lodawa zuwa Kano a cashe a can, da kasuwancin iyaka ta Kamba, wanda duk lokacin da aka rufe iyakar Nijar, kamar yadda aka yi bayan juyin mulkin 2023, shi ke fara mutuwa.

Akwai kuma hanyar da za ka bincika da kanka. Jihohi yanzu suna wallafa kasafin kuɗinsu a intanet, tare da rahoton abin da aka kashe duk wata uku. Ka sa wani yaro mai waya ya buɗe maka na Kebbi, ku nemo ma'aikatar gona da ta ilimin firamare da sashen kamun kifi. Lambobi biyu za ku gani a jere: abin da aka ware da abin da aka fitar. Na farkon shi ake karantawa a rediyo, na biyun shi za ku duba. Idan wata tara sun shige ana kan kashi kaɗan na kuɗin ayyuka, ƙungiyarku ta manoma ta kwafi shafin ta kai wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, don su ne suka amince da kasafin, kuma doka ta ba su ikon kiran kwamishina ya yi bayani.