Kwangilar Gidajen Yarin Teksas: Ta Wace Ƙofa Ake Shiga?

Tambaya: Ina sana'ar sari a birnin Houston, kayan tsabta da na kicin. Na ji hukumar gidajen yarin jihar Teksas tana sayen irin kayana da yawa. Wani ya ce ya san ɗaya daga cikin 'yan kwamitin da ke sa ido a kan hukumar, in na ba shi dala 5,000 zai haɗa mu. In biya?

Amsa: Alhaji, kada ka ba shi ko sisi. Ko da gaske ya san mutumin, abin da yake sayar maka ba zai amfane ka ba, yana ma iya ja maka fitina.

Kasuwar tana nan, ba ƙarya aka yi maka ba. Hukumar gidajen yarin jihar, wato TDCJ, tana riƙe da fursunoni sama da 130,000 a gidajen yari kusan 100, kuma kullum sai an ci, an yi wanki, an gyara famfo. Amma kwamitin da ake yi maka romon baka da shi ba ya sayen tsintsiya. Mutum 9 ne, gwamna ke naɗa su na shekara 6, ba a biyan su albashi. Su ke ɗaukar babban daraktan hukumar, su ke kafa ƙa'idoji, kuma ofishin sufeto janar da masu binciken kuɗi na cikin gida su suke kai wa rahoto. Kwangila ba ta isa teburinsu sai ta haura dala miliyan 1, a lokacin an gama tallata ta, an auna tayin kowa, jami'an sayayya sun fitar da wanda ya ci. Nasu shi ne su amince ko su ƙi, a zama na bainar jama'a. Wanda ya ci irin wannan kwangila ma sai ya cike fom mai lamba 1295 na hukumar ɗa'ar ma'aikata ta jihar, ya bayyana masu hannu a cikinta, har da ɗan tsakiyar da aka biya ya shiga cinikin. Ka ga inda sunan abokin naka zai fito.

Teksas ta taɓa ƙonewa a kan wannan. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar ta ƙulla cinikin sama da dala miliyan 33 da kamfanin VitaPro na Kanada, mai yin garin waken suya a madadin nama, ba tare da an buɗe gasa ba. Fursunoni suka ƙi abincin, magana ta kai kotu, a 1999 Kotun Ƙolin jihar ta ce kwangilar ba ta halatta ba. Kamfanin da ke da kunnen shugaban hukumar kansa bai tsira ba, balle kai da za a kai ka gaisuwa. Sannan dokar laifuka ta jihar ta hana ba jami'in da ke da hannu a kwangila kyauta, kuma yawancin takardun gasa suna rubuta sunan jami'i ɗaya tak da aka yarda ka tuntuɓa. Ka kewaye shi, a jefar da tayinka.

Ƙofar gaskiya tana ofishin kwanturolan kuɗi na jiha, kuma dala 70 ce a shekara. Ka yi rajista a jerin masu neman kwangila da ake kira CMBL, ka zaɓi lambobin kayan da kake sayarwa da yankunan da za ka iya kaiwa. Daga nan jami'an sayayya ke zaƙulo waɗanda za su aika wa sanarwa. Duk sayayyar da ta wuce dala 25,000 dole a liƙa ta a ESBD, shafin intanet da jihar ke tallata kwangiloli, kowa na iya dubawa kyauta. Ƙasa da haka ba a yin doguwar gasa, jami'i kan nemi farashi daga 'yan kasuwa kaɗan. A nan nake so ka fara. Kafin komai ka tabbata jihar ba ta bin kamfaninka bashin haraji, don in tana bi za a riƙe kuɗinka.

Wani abu da sababbin shiga ba sa lura da shi: babban abokin gasarka ita ce hukumar da kanta. Tun 1963 take da masana'antun da fursunoni ke aiki a ciki, suna yin sabulu, katifa, kayan sawa, har da lambar mota. Tana da gonaki, shanu, aladu da kaji. Doka kuma ta sa a fara duba kayan waɗannan masana'antu, da na shirin da ke samar wa naƙasassu aiki, da kwangilolin da jiha ta riga ta ƙulla na dogon lokaci, kafin a fito kasuwa. Saboda haka ka cire sabulu daga lissafinka. Ka zauna ka karanta sanarwoyin baya a ESBD ka ga me suke fita nema a waje, nawa aka ci, wa ya ci.

A nan ne kwamitin zai yi maka amfani, ba tare da ka san kowa ba. Ana wallafa ajandar zamansa aƙalla kwana 7 kafin ranar, kuma manyan kwangilolin da za a amince da su suna cikin takardun zaman. In ka ga kamfani ya ci aikin kawo kayan abinci ko gyaran gini na miliyoyi, ka ƙwanƙwasa masa ƙofa, don manya kan yanka wa ƙanana wani sashe. Ramin da ka ga giwa ta sha ruwa, a gefensa ƙananan dabbobi ke samu.

Sai batun jari, wanda ya fi damuna. Babu kafin alƙalami. Kai za ka sayi kaya da kuɗinka, ka kai, a karɓa, ka miƙa takardar neman biya, sannan doka ta ba su kwana 30. In sun makara akwai kuɗin ruwa a kansu, amma kuskuren lamba ɗaya a takardarka zai sa a dawo maka da ita a fara ƙirga daga farko. In ba za ka iya jure wata biyu kuɗinka na waje ba, kada ka nemi odar da ta fi kashi ɗaya cikin huɗu na jarinka. Wannan ma'aunina ne, ba doka ba.

Ka kuma karanta wurin da za a kai kayan kafin ka rubuta farashi, don galibi kuɗin mota yana cikinsa. Akwai gidajen yari a garin Huntsville, mil 70 daga Houston, akwai kuma a Amarillo, kusan mil 600. A ƙofar gidan yari direbanka zai tsaya a caje motar ciki da waje, in aka shiga ƙirgar fursunoni komai ya tsaya cik har gandirobobi su gama, kai kuwa awa kake biyansa. Ka ja masa kunne sosai: shigar da waya ko taba ga fursuna babban laifi ne mai ɗaurin shekara 2 zuwa 10. Kwalin sigari da aka manta a aljihun mota ma ya isa a juyo da kayanka.

Bayan kowace babbar oda hukumar tana ba ɗan kwangila maki a rumbun kwanturola, kuma sauran ma'aikatun jihar suna dubawa kafin su ba da aiki. Shekarar kuɗinsu tana farawa 1 ga Satumba, don haka ka gama rajista kafin bazara, lokacin da ake sabunta kwangiloli da yawa. Dala 5,000 ɗin kuma ka ajiye ta don inshora da kuɗin mota na odar farko.